Masassarar yara da damana: abubuwan da likitoci suka canza

Jawabi ga ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci

 

Maganar yau a kan yaro mai masassara take. Kowa ya san lokacinta. Daga watan Yuli, in ruwa ya zauna, tabkuna suka cika, hatsi ya kai gwiwa, sai sauro ya yi yawa. Kahin a kai kaka, gidajen likita na Maradi da Damagaram da Tawa sun cika da yara. Lokacin ne kuma rumbu ya yi ƙasa, noma ya ɗauke hannun kowa, kuɗi ya yi wuya. Uwa tana gona, yaro yana bayanta, jikinsa da zahi. Sai ta ce bari a ga gobe.

Ciwon tsoho ne, amma yadda ake maganinsa ya canza. Cikin abin da aka koya wa iyaye da kakanni, wani yana nan daram, wani kuwa an bar shi. Ba wai likitocin da ba su san aikinsu ba ne. Ƙwayar cutar ce ta canza hali. Kuma an yi bincike a asibitoci da yawa na Afirka, an ƙidaya yaran da suka tashi da waɗanda suka rasu, aka gane abin da ya hi.

Nivaquine ta daina aiki

Manyan gari suna tune da akwatin magani na sekuris. A cikinsa akwai Nivaquine, ƴar farar ƙwaya mai ɗaci. A zamaninta ta ceci mutane masu yawa, ga ta da araha. Amma ƙwayar cutar da sauro yake zubawa cikin jini ta saba da ita. An fara ganin haka a gabashin Afirka a shekara ta 1978. Daga baya abin ya bazu har ya iso ƙasashenmu na yamma. Yaro ya sha, zahi ya ɗan sauka, bayan kwana kaɗan ya dawo da ƙarhi.

Shi ya sa a shekara ta 2005 Nijar ta canza maganin farko na masassarar cizon sauro. Sabon magani iri biyu ne haɗe cikin ƙwaya ɗaya. Wanda aka hi sani da shi shi ne Coartem. Ɗaya daga cikin biyun yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri. Ɗayan yana daɗewa cikin jini, yana share waɗanda suka rage.

Mai saurin nan daga wani ganye na ƙasar Sin aka hid da shi. Wata mata mai bincike, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka gano shi a shekara ta 1972. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Ganyen dangin tazargade ne, shi ya sa wasu suke cewa a jiƙa a sha kawai, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Maganin da ke cikin jiƙo ba shi da ma'auni, yau da yawa, gobe kaɗan. Ƙungiyar Kiwon Lahiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a 2019 kada a dogara da jiƙon.

Ga yadda ake shan Coartem: sau 2 a rana, kwana 3, sau 6 ke nan. Ranar farko, tsakanin sha na ɗaya da na biyu awa 8 ne. Sauran kwana biyun, sahe da dare. Yawan ƙwayoyin ya danganta da nauyin yaro, likita ne zai faɗa. A ba shi bayan ya sha nono, ko madara, ko ya ci abinci mai ɗan mai, don da maiƙo ne maganin yake shiga jini sosai. In yaro ya amayar da shi nan take, a sake ba shi, a koma likita a karɓo cikon.

A nan ne uwaye da yawa suke kuskure, kuma kuskuren na tausayi ne. Rana ta biyu yaro ya tashi, ya nemi hura, ya shiga wasa. Sai uwa ta ƙulle sauran ƙwayoyin a bakin zane, ta aje wa ƙanensa. To ƙwayoyin cutar da suka rage cikin jini su ne masu taurin kai. Su ne za su sake yawa. Haka Nivaquine ta lalace. Sabon maganin ma an fara ganin ƙwayar cutar tana yi masa gardama a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Ba a son hakan ya zo nan.

Mata masu ciki su ma akwai sabon bayani a kansu. Da, mace mai ƙaramin ciki, wata 3 na farko, kini ake ba ta. A shekara ta 2022 OMS ta ce ana iya ba ta irin wannan sabon maganin. Amma dai sai ta faɗa wa likita tana da ciki, shi ya zaɓa mata.

A auna kahin a ba da magani

A da, duk jikin da ya yi zahi da damana, maganin sauro ake ba shi. Ba a da hanyar ganewa sai a babban asibiti mai madubin likita. Tun 2010 OMS ta ce a auna jini tukuna. Yanzu awon ya sauƙaƙa. Ana ɗan soka yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan farin abu mai kamar tsinken ashana babba, a jira minti 15 zuwa 20. Zane biyu, akwai cutar. Zane ɗaya, babu. Ana yin sa a ƙaramin gidan likita na ƙauye. A garuruwan da ke nesa, inda aka horar da rele, wato ɗan gari mai taimakon likita, shi ma yana yi.

Wani uba yakan yi hushi in aka ce masa babu. Ya yi tahiya mai nisa, ga yaro da zahi, an hana shi Coartem. Sai ya biya kasuwa ya saya wurin mai talla. Kuskure ne babba. In awo ya ce babu, wani ciwo ne yake kawo zahin, kuma shi ya kamata a nema. Yana iya zama kunne, ko maƙogwaro, ko ƙyanda, ko sanƙarau. Wanda ya hi yawan kisa cikinsu shi ne ciwon huhu, wanda wasu ke kira ciwon haƙarƙari.

Ciwon huhu ana gane shi da ƙidayar numfashi. Wanda ya koyi lissahi a makarantar yaƙi da jahilci yana iya yi, in yana da agogo ko salula. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka. A ɗaga rigarsa, a dubi cikinsa yana tashi yana sauka, a ƙidaya minti ɗaya cur. Jinjirin da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyaka 50 ne. Daga shekara 1 zuwa 5, iyaka 40. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, abin ya ƙara nauyi. Da Bactrim ake bayarwa. Tun 2014 OMS ta sa amoksisilin a gaba, mai narkewa cikin ruwa kaɗan ko nonon uwa. Shi ma sai an cika kwanakin da likita ya faɗa.

Maganar masu tallar magani a kasuwa gajeruwa ce. Kayansu sun sha rana, wasu kwanansu ya wuce, wasu na jabu ne. Farasetamol kuwa, ko na gaske ne, zahi kawai yake saukarwa. Ba ya taɓa ƙwayar cutar ko ɗaya.

Alamun da ba a kwana da su

Masassara iri biyu ce. Akwai wadda ake magani a gida da ƙwayoyi. Akwai mai tsanani, wadda take iya ɗauke yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta farko ce take komawa ta biyu in an yi jinkiri.

Yaron da ya kasa kama nono ko shan ruwa yana cikin hatsari. Haka wanda yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa. Haka wanda ya yi jijjiga, idanunsa suka juye. Haka wanda ya yi laushi, ana tashe shi ba ya tashi, ko bai gane uwarsa ba. Ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ya isa. Ba sai sun taru ba.

A duba tahin hannunsa kuma, a gwada da na uwarsa. In ya yi fari fat, jini ya ƙare, don ƙwayar cutar jini take ci. Hitsari baƙi kamar shayi, idanu rawaya, wuya a sanƙare, maɗiga a kumbure, numfashi mai zurhi kamar na wanda ya yi gudu: duk na tahiya ne nan take, ko da tsakar dare ne. Jinjirin da bai kai wata 2 ba kuwa, zahin jiki kaɗai ya isa a kai shi.

Jijjiga ita ta hi tsorata gida. Wasu su ce iska ce, wasu su ce tsuntsu ne ya wuce ta kansa. Nan da nan a kawo turare, a tura cokali cikin baki, a ɗura jiƙo. Duk ukun suna ƙara masa wahala. Hayaƙi yana toshe numfashi. Cokali yana karya haƙori, yana yanka dasashi. Yaro ba ya haɗiye harshensa, wannan tsoro ne kawai. Ruwan da aka ɗura wa wanda bai san inda yake ba, huhu yake tahiya, ba ciki ba. Abin yi kaɗan ne. A kwantar da shi a kan gehensa, don yawu da amai su zubo waje. A kawar da wuta da duk abin da zai buge. A rage masa tufa, kada a lulluɓe shi da bargo. Sa'an nan a nemi abin hawa. Addu'a ba ta hana tahiya, ana yin ta a kan hanya.

Wani abu da ba a gani da ido shi ne ƙarancin sukari cikin jini. Yaron da ya kwana bai ci ba, ga masassara, sukarinsa yana faɗuwa, kuma wannan kaɗai yana sa suma. In yana iya haɗiya, a ci gaba da ba shi nono a kan hanya, ko ruwa mai tsabta da sukari, kaɗan kaɗan. In ba ya iya haɗiya, likitoci suna da wata dabara da aka gwada a Burkina Faso da Mali. Suna jiƙa ƙaramin cokali na sukari da ɗigon ruwa, su sa a ƙarƙashin harshe. Daga nan yake shiga jini, kahin a sami jijiya.

Maganin hanya

Babbar wahalar ƙauye ita ce nisa. Da damana gulbi ya kawo, laka ta hana mota, amalanke yana tahiyar awa da awa. Yaro kuwa ba ya iya shan ƙwaya, yana amai ko ya suma. Don wannan aka yi wani magani mai suna artesunat, na matsawa ta dubura. Na yara ne waɗanda ba su kai shekara 6 ba. Ma'aikacin ƙaramin gidan likita ne yake sa shi, inda ake da shi.

An gwada shi a Gana da Tanzaniya da Bangaladash, aka ba da sakamako a 2009. Cikin marasa lahiyar da suka wuce awa 6 ba su isa asibiti ba, mutuwa da naƙasa sun ragu da rabi ga waɗanda aka matsa wa maganin. Abin murna ne. Amma daga baya da aka raba shi a ƙauyukan Nijeriya da Yuganda da Kwango, sai aka ga wani abu. Yaro ya sami maganin, bayan ƴan awoyi ya buɗe ido, ya nemi nono. Iyaye su ce ya warke, su juya gida. Wasu cikin yaran nan ciwon ya dawo musu, suka rasu. Har a 2022 OMS ta ja kunne a kan haka.

To a riƙe wannan da kyau. Maganin matsawa ba ya warkarwa. Lokaci kawai yake saya wa yaro, ya isa inda ake allura. Takardar da ma'aikaci ya rubuta ya ba uba, ta zuwa babban gidan likita ce, kuma ranar ce za a kai ta. Ko yaro ya yi dariya a kan hanya, a ƙarasa.

A shekara ta 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin ganin likita na yara ƴan ƙasa da shekara 5. Kuɗin hanya dai yana kan mai gida. Garin da ya yi dabara shi ne wanda ya shirya tun kahin ruwa ya sauka. A san mai amalanken da za a tasa da dare. A san ɗan kabu-kabun da ke amsa salula, a rubuta lambarsa a allon makaranta. A yi ɗan asusu wurin mai gari ko ƙungiyar mata, wanda ya ɗauka ya maida da kaka. Abu na ƙarshe, kuma maza ya shafa: mai gida ya ba matarsa izini tun yanzu. Yara da yawa sun kwana da jijjiga don uban yana kasuwa ko ya tahi cin rani, uwa kuwa tana jiran ya dawo ya ce a tahi.

Abin da za a tarar a asibiti

Shekaru da yawa, kini ne maganin masassara mai tsanani. Ana sa shi cikin ruwan jijiya, ya yi awa 4 yana ɗiga, sau 3 a rana. Yana sa kunne ƙara, yana kuma rage sukarin jini. Allurarsa ta ɗuwawu, in ta taɓa jijiyar ƙafa, tana gurgunta yaro. Akwai garuruwan da har yau ake ganin manya masu jan ƙafa saboda ita.

A shekara ta 2010 aka gama wani babban bincike a ƙasashe 9 na Afirka, har da Nijeriya da Gana da Gambiya. Yara 5425 masu masassara mai tsanani aka raba kashi biyu. Kashi ɗaya aka yi musu kini, ɗayan aka yi musu allurar artesunat. Ga lissahin a sauƙaƙe. Cikin kowane yara 1000 da suka sami kini, 109 suka rasu. Cikin kowane 1000 da suka sami artesunat, 85 suka rasu. A ɗebe 85 daga 109, saura 24. Yara 24 ke nan da suka koma gida wurin uwayensu. A 2011 OMS ta sa artesunat a gaban kini ga yara. Ana yin allurar da isowa, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. In yaro ya fara iya sha, sai a ɗora masa Coartem na kwana 3 cikakku. Wanda ya ɗauke ɗansa bayan allura ɗaya don ya ga sauƙi, ya bar aiki a tsakiya.

Sai maganar ƙarin ruwa. Mutanen karkara suna girmama shi ƙwarai. In ba a rataya wa yaro leda ba, sai a ce likita bai yi komi ba, ko ya raina talaka. Likitoci su ma da haka suka ɗauka. Sun koya cewa yaro mai masassara, in jikinsa ya yi laushi, hannuwansa suka yi sanyi, a zuba masa ruwa da yawa da sauri cikin jijiya. An yi shekaru ana haka, ba wanda ya ƙidaya.

Da aka zo ƙidaya, abin ya ba kowa mamaki. A Yuganda da Kenya da Tanzaniya aka bi yara 3141. Wasu aka zuba musu ruwan da sauri, wasu aka ba su a hankali, daidai buƙatar jiki. Cikin kwana 2, a kowane yara 100 da aka zuba wa da sauri, sama da 10 suka rasu. A waɗanda aka ba a hankali, 7 ne. Sai aka tsai da binciken a 2011 tun bai ƙare ba, don kada a ƙara hasara. Su kansu masu binciken ba haka suka zata ba. A 2016 OMS ta gyara ƙa'idarta. Saboda haka in majo ya sa ruwa yana ɗiga sannu sannu, ko ya ce wannan yaro ba ya buƙatar leda, ba rowa ba ce. Kuma kada mai jinya ya taɓa ɗan makunnin ledar don ruwa ya yi sauri a tahi gida. Ana yi, kuma yana kisa.

Amma a bambanta. Yaro mai zawo wanda ruwan jikinsa ya ƙare, idanu suka faɗa, fata ta saki, shi ruwa ne maganinsa, kuma da gaggawa. Tun a gida ake farawa: ƙunshi ɗaya na gishirin zawo cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi kaɗan kaɗan, ba a daina nono ba. Tun 2004 an ƙara ƙwayar zinki, kwana 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya. Tana rage kwanakin ciwon, tana kuma tsare yaro daga saurin komawa.

Akwai wata ƴar na'ura da ake maƙala wa yatsan yaro. Ba ta huda, ba ta da zahi. Iskar da ke cikin jini take aunawa. In lambar ta kasa 90, yaro yana buƙatar iskar oksijan, sai a sa masa siririn tiyo a hanci. Wasu uwaye in sun ga tiyon sai su fashe da kuka, wai alamar mutuwa ce, har su nemi a cire. Tiyon taimakon numfashi ne, yara da yawa da shi suka tashi.

Abin da ya hi ƙaranci a asibiti da damana shi ne jini. Yaron da tahin hannunsa ya yi fari, allura kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara masa jini. Jini kuwa ba a ƙera shi, ba a shuka shi, jikin mutum kaɗai yake hitowa. Sau da yawa uwa ce kaɗai take zuwa da yaro, ita ma ga goyo ko ga ciki, ba a iya ɗibar nata. Ya kamata namiji ya bi su, uba ko kawu ko baffa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ana auna mutum tukuna, in bai isa ba a bar shi. Jiki yana maida abin da aka ɗiba, kuma ba ya rage wa namiji ƙarhin noma ko na iyali.

Bayan an sallami yaro, ba a gama ba. Wanda aka ƙara wa jini yana da rauni har ƴan watanni, kuma a cikinsu ne ciwon yake yawan komo masa. A maida shi ranar da likita ya rubuta. Ya kwana cikin gidan sauro kullum. A ƙara masa abinci: wake, ƙwai, zogale, ƙuli-ƙuli, hanta in an samu. A riƙa auna damtsensa da ɗan zaren awo mai launi uku, wanda aka koya wa uwaye da yawa, tun daga ƙasar Mirya. In ya nuna ja ko rawaya, ko ƙafafu suka kumbura, tamowa ce, a koma likita.

Kahin ciwon ya zo

Rigakahi shi ma ya sami sabbin abubuwa biyu. Na farko shi ne maganin da ake rabawa gida gida da damana, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5. OMS ta amince da shi a 2012, Nijar ta fara a 2013. Sau ɗaya ne a wata, kwana 3 a jere. Ranar farko mai rabo ne yake ba yaro da hannunsa. Rana ta biyu da ta uku aikin uwa ne. Yana da ɗaci, yara suna tofarwa, amma waɗannan biyun na gida su ne suke cika tsaron wata guda. Binciken da aka yi ya nuna yana hana wajen kashi 3 cikin 4 na masassarar, in an sha daidai.

Na biyu ita ce allurar rigakahin masassarar cizon sauro, wadda aka daɗe ana nema. An fara gwada ta cikin jama'a a Gana da Kenya da Malawi a 2019. A wuraren da aka yi ta, mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da 13 cikin 100. OMS ta amince da ita a 2021. A Nijar, a garin Gaya na jihar Doso aka buɗe ta, cikin watan Satumba na 2024. Sau 4 ake yin ta, kuma ba ta tsare yaro gaba ɗaya, ragewa take yi. Ba ta ɗauke gidan sauro ba, ba ta ɗauke maganin rabo ba.

Yaron da ya sha maganin rabo, ko aka yi masa allurar, shi ma yana iya kamuwa. In jikinsa ya yi zahi, a kai shi awo ranar, kamar kowane yaro. A tahi da karnensa na likita. A faɗa wa majo ranar da ya sha maganin rabo, da duk abin da aka ba shi a gida, na kasuwa ne ko na gargajiya, don da wannan ne zai san maganin da zai ɗora masa.